Ledar da Ban Ɓare Ba

Wata bakwai ina tara ta gaɓa-gaɓa:
akwatin daga Kasuwar Barci,
babban allon daga shagon Ishaya a Kakuri,
furosesa kuwa, sai da kekena ya bar gida.
Na haɗa ta a kan tabarma, daren Talata,
sukurori tara a cikin murfin kwano
kada ɗaya ya gangara ƙarƙashin gado.

Ta tashi. Na ce masha Allah.
Minti goma sha ɗaya,
ina zana wa wani ɗan kwangila gida a Malali,
ban ma kai tagar kicin ba,
fanka ta kama kuka kamar injin markaɗe,
allo ya yi ɗif.

Na sake kunnawa, na leƙa ma'aunin zafi.
Sittin. Saba'in da huɗu. Tamanin da tara.
Lamba tana hawa kamar kuɗin shinkafa,
a casa'in da bakwai ta sake sumewa.

Na ce bazara ce.
Kwanon ɗakin nan ko ƙwai ka fasa zai soyu.
Na buɗe gefen akwatin, na juyo mata fankar tsaye,
ni ina ɗigar gumi, ita tana shan iska.
Ta ƙara minti uku. Ta mutu.

Na ce wutar Nefa ce, mai zuwa kamar an yi mata dole.
Na aro janareton maƙwabci, na sayi lita biyu.
Ta mutu.

Na juya fankar baya, ashe ciki take hurawa.
Na ɗaure wayoyi, na buɗe wa iska hanya.
Na ƙara matse sukurori huɗu, kusurwa da kusurwa.
Ta mutu, a natse, kamar mai cika alkawari.

Sai na kira Ishaya.
Abin da na faɗa masa ba zai shiga waƙa ba.
Na ce jabu ya sayar mini.
Ya yi shiru, ina jin Keke Napep na wucewa ta bayansa,
ya ce, “To, Malam Sabi'u,” ya kashe.

Bayan isha'i ƙanwata Ramatu ta kawo tuwo.
Ta tsaya tana kallon hanjin injin a waje.
Ita da ba ta san ram daga rama ba
ta ce, “Yaya, sabon abu ai da leda yake zuwa.
Ko tukunyar Inna sai da muka ɓare gindinta.”

Na yi dariya. Dariyar ta tsaya a maƙogwaro.

Na kwance ƙarfen sanyaya, mai haƙarƙari kamar kifi,
na kifa shi a tafin hannu.
Ga man toka-toka ya baje yadda na shafa,
ga ta a ƙarƙashinsa, garau, lafe da tagulla,
har da jan rubutu mai cewa a cire kafin a ɗora.
Ko kaurin fatar albasa ba ta kai ba.
Kwana shida ke nan zafi yana ƙwanƙwasa ƙofa,
sanyi yana tsaye a ɗaya gefen,
ba wanda ya taɓa wani.

Na ɓare ta da farce.
Na goge tsohon mai da auduga,
na ɗiga sabo, ƙwayar wake ɗaya, ban ƙara ba.
Arba'in da ɗaya.
Arba'in da uku.
Fanka tana numfashi kamar jariri ya ƙoshi.
Na gama tagar kicin, na sa wa gidan rufi,
tuwo ya huce, ban kula ba.

Ledar tana aljihun gaban rigata.
Gobe zan haye gada zuwa Kakuri,
ba da waya ba, da ƙafata.
Zan ajiye ta a kan teburin Ishaya
kafin in buɗe baki.